Ƙaryar da na yi wa 'yan aji biyar a kan buldoza

Ranar wata Laraba ce, darasin ƙarshe kafin a tashi, zafi ya gama dafa ajin kowa ya ƙosa. Turanci nake koyarwa a wata makarantar sakandare, kuma a ranar muna karanta wani ɗan labari ne da 'yan aji biyar, labarin wani ƙauye da aka zo fitar wa hanya. A cikinsa akwai kalmar "bulldozer". Na ce musu katafila ke nan, na yi gaba. Sai wata yarinya da ke zama a layin gaba, irin yaran nan da ba sa barin malami ya haɗiyi miyau, ta ɗaga hannu.

"Malam, na san bull bijimi ne. To dozer ɗin fa?"

Da na ce ta ba ni zuwa gobe, da magana ta ƙare lafiya. Amma shekara goma sha ɗaya ina riƙe da alli, girman kai bai bar ni ba. Na dubi kalmar a allo, na tsaga ta biyu, na ga "doze" a ciki, wato gyangyaɗi. Nan take na ɗinka musu riga da wando. Na ce ai Bature ya dubi motar ne ya ga tana da ƙarfin bijimi, amma tafiyarta a hankali take, kanta a sunkuye kamar sa mai gyangyaɗi, shi ya sa ya raɗa mata wannan suna. Ajin ya yi dariya, bayanin ya yi musu daɗi, ni ma ya yi mini. Na ga biro yana ta gudu a kan takarda. Yara kusan sittin suka kwashe shaci-faɗina a littattafansu.

Litinin ta zagayo, ina shiga ofishin malamai sai ga yarinyar nan a bakin ƙofa, da wata 'yar takarda a hannu. Ta rusuna ta gaishe ni, sannan ta ce, "Malam, yayana ya duba a wayarsa, ba haka ya gani ba. Wai sunan masu dukan mutane ne." Cikin ladabi ta faɗa, babu raini ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi ƙona ni. Malamai biyu suna zaune suna jin mu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na karɓi takardar na ce zan duba.

Dubawar da na zaci ta minti biyar ce ta cinye mini kusan duk dogon hutu, da kuɗin data da ba zan faɗa wa maiɗakina adadinsu ba.

Abin da na fara ganewa shi ne ƙamusun da ke kan teburina ba zai fisshe ni ba. Ma'ana yake bayarwa, ta yau, ya yi shiru. Mai neman asalin kalma tambayarsa daban ce: yaushe aka fara ganinta a rubuce, a ina, kuma me take nufi a bakin mutanen wancan lokacin? Da na koma ƙamusoshin tarihin kalmomi, duk sai suka nuna mini shekara ɗaya, 1876. Na sake dubawa don na ɗauka kuskuren bugu ne, saboda a 1876 babu wata mota mai tura ƙasa a duniya. Kalmar ta girmi motar da kusan shekara hamsin. Wannan kaɗai ya isa ya rusa bijimina mai gyangyaɗi, don ba a raɗa wa yaro suna shekara hamsin kafin a haifi uwarsa.

Akwai rumbun tsofaffin jaridun Amurka da ɗakin karatu na majalisar dokokinsu ya ɗora a intanet kyauta. Can na tare. Sai dare ya raba, lokacin da sabis ya fi ƙarfi, nake buɗe shafukan ƙarshen 1876, rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, ina ja ina faɗaɗawa da yatsu biyu har idona ya yi ruwa. Kalmar ga ta nan birjik, kowace jarida da irin yadda take rubuta ta: wani da "s", wani da "z", wani ya sa karan ɗori a tsakiya. Kuma babu ƙasa ko hanya ko gini a kusa da ita, zaɓe ne da bulala.

An gama yaƙin basasar Amurka a 1865, aka 'yanta bayi, a 1870 kuma aka gyara tsarin mulki aka haramta hana mutum jefa ƙuri'a saboda launin fatarsa. Baƙaƙen fata na jihohin kudu suka riƙa fitowa zaɓe, mafi yawansu suna bin jam'iyyar Republican, jam'iyyar Abraham Lincoln. A wasu gundumomin sun fi Turawa yawa nesa ba kusa ba. Da zaɓen shugaban ƙasa na 1876 ya ƙarato, tsakanin Rutherford Hayes na Republican da Samuel Tilden na Democrat, sai gungun Turawa a jihar Luwiziyana suka riƙa hawa dawakai da dare suna bi gida gida. Su fito da mutum su zane shi, wani su kashe shi, don ya san abin da ke jiransa idan ya kuskura ya je rumfar zaɓe. Waɗannan mutane su ake kira "bulldozers". Bayanin da jaridun lokacin suka bayar shi ne kalmar daga "bull" da "dose" take. "Dose" shi ne gwargwadon maganin da likita ke ƙayyade wa majiyyaci, ka ga ke nan dukan da ake yi wa mutum an auna shi ne da abin da bijimi zai iya ɗauka. Har gundumomi biyar na jihar aka riƙa kira da wannan suna a takardun rikicin zaɓen, kuma a ɗaya daga ciki, East Feliciana, inda baƙaƙen fata suka fi yawa, da aka ƙirga ba a samu ƙuri'ar Hayes ko ɗaya ba.

Zaɓen ya ƙare da taƙaddama a kan ƙuri'u 20 na wakilan jihohi masu zaɓen shugaba. Aka kafa kwamitin mutum 15, suka yanke hukunci 8 da 7, Hayes ya hau da 185, Tilden yana da 184. A 1877 aka janye sojojin tarayya daga harkar gwamnatocin kudu, baƙaƙen fata kuma suka shiga wani dogon zamani na hana su ƙuri'a da bai kau ba sai a shekarun 1960. Na daɗe zaune da wayar a hannu a daren da na gama haɗa wannan. Ni da na sa yara dariya da kalmar, ashe jini ne a jikinta.

A nan ma saura kaɗan in sake faɗawa ramin da na fito. Ina ganin maganar duka sai zuciyata ta ce kai, "bull" da bulala ai sun yi kama, ko dai akwai dangantaka? Na kama kaina da kaina. Kamar sauti ita ce tarkon da ya kama ni tun farko. Kalmomi biyu suna iya yin kama kamar an tsaga kara alhali ko unguwa ba su haɗa ba. Idan babu takarda mai kwanan wata da ta nuna yadda ɗaya ta koma ɗaya, to hira ce kawai ta bakin shago.

Daga 'yan bangar siyasa zuwa mota, tafiyar a hankali aka yi ta. Kalmar ta fara zama ta duk wanda ke murƙushe mutane da ƙarfin tsiya. Aka kira wata ƙatuwar bindigar hannu da sunan. Maƙera na masana'antu suka kira wani injin lanƙwasa ƙarfe da shi. Duk abin da ke ture abu ba tare da neman izininsa ba, sunan ya dace da shi. A 1923 wani manomi a jihar Kansas, James Cummings, da wani mai zanen injuna, Earl McLeod, suka tsara faffaɗan ƙarfe da ake ɗaurawa a gaban tarakta don tura ƙasa. An ba su takardar mallakar fasahar a watan Janairun 1925, mai lamba 1,522,378. Na nemo ta na kalli zanen. Kanun takardar cewa kawai ya yi abin maƙalawa a jikin tarakta, ba a ambaci buldoza a kanun ba. Garin Morrowville na jihar har yau yana ajiye da kwaikwayon injin a dandalin shaƙatawarsa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, da sunan ya zauna a wannan fanni, ƙarfen gaban kaɗai ake nufi da shi. Motar da ke ɗauke da shi tarakta ce. Sai wajen Yaƙin Duniya na Biyu sunan ya haɗiye motar gaba ɗaya, lokacin da sojojin Amurka ke sauka a tsibiran tekun Pasifik suna share daji su shimfiɗa filin jirgi cikin 'yan kwanaki. Ɗaya daga cikin manyan kwamandojin ruwansu, William Halsey, da yake lissafa abubuwan da suka ci musu yaƙin a can, ya sa buldoza ta huɗu, bayan jirgin ƙarƙashin ruwa da na'urar hango jirage da jirgin sama.

Ina tsaka da wannan na tuna ina da ƙamus mai rai a gida. Ƙanin mahaifiyata ya yi shekara kusan talatin yana tuƙa waɗannan motoci a kamfanonin gina hanya, tun zamanin da kuɗin mai suka fara shigowa ake ta fasa daji a Arewa. Kunnensa na hagu ya tafi a kan aikin. Wata Asabar na saya masa goro na tafi, na same shi a zaure a kan tabarma, rediyo a manne da kunnen dama.

"Kawu, a zamaninku katafila kuke cewa ko buldoza?"

Ya kashe rediyon ya dube ni. "Malam guda kana wannan tambaya? Katafila ai maganar mutanen gari ce. Su duk abin da suka gani rawaya yana cin ƙasa katafila ne. Mu a wurin aiki ba ka isa ka ce a kawo katafila ba, sai a tambaye ka wacce. Akwai doza, akwai gireda, akwai feloda, akwai mai haƙa. Dozar ma sai ka faɗi lambarta, D6 ce ko D8."

Ya ce akwai shekarar da aka kawo musu 'yan Japan, Komatsu, yaran ƙauye suka biyo su a guje suna ihun ga katafila. Ya yi dariya har da tari. Sannan ya gyara zama ya miƙe ƙafafu, ya nuna mini yadda ake tuƙin, don doza irin tasu ba ta da sitiyari. Ya kama iska da hannu biyu kamar liba biyu suna gabansa. Idan za ka yi dama, ka ja ta dama, sarƙar wannan ɓangaren ta daina samun ƙarfi, ka taka birkinta, ta hagu ta ci gaba da tafiya, sai motar ta juya a kan cibiyarta. Wadda ya koyi aiki a kanta yana yaro mai sa giris, wani ɗan ƙaramin injin fetur ne ake fara tayarwa, shi zai juya babban injin dizal har ya kama. Ƙarfen gabanta kuma da igiyar waya ake ɗaga shi, ba da mai ba, saboda haka nauyinsa kaɗai ke shigar da shi ƙasa. Idan ƙasa ta yi tauri, in ji shi, sai dai ka yi ta shafa ta kamar mai lallashi.

Wannan igiyar waya ta warware mini wani abu da na karanta ban gane ba. Kamfanin Caterpillar ya daɗe yana ƙera tarakta kawai, wasu kamfanoni irin su LeTourneau ke ƙera ƙarfen gaban a ɗaura mata, sai a tsakiyar shekarun 1940 ya fara yin nasa. Ashe shi ya sa abu ɗaya ke da suna biyu: ɗaya na ƙafa ne, ɗaya na baki. Na kwana uku ina juya wannan a takarda, tsoho ya nuna mini shi da hannu a cikin minti goma. Tun ranar, kalmar sana'a duk da zan bincika, wurin mai sana'ar nake fara zuwa kafin in taɓa waya.

Katafila kuwa labarinta ya fi sauƙi a zuciya. Sunan kamfanin Caterpillar ne da Bahaushe ya gani a jikin mota ya lanƙwasa shi yadda harshensa ke so, "p" ta koma "f" kamar yadda ta koma a tifa da fasinja da fensir. Irin abin da muka yi wa omo da magi da basilin ne, sunan kaya ɗaya ya zama na dukan dangi. Wanda ya haifi sunan, Benjamin Holt, yana ƙera taraktoci masu aiki da tururi a garin Stockton na Kalifoniya. Gonakin yankin fadama ce mai laushi, injunan kuma nauyin tsiya gare su, sai su nutse. Ya yi ta faɗaɗa ƙafafun har kowace ta kai ƙafa 6 a faɗi, abin ya zama dodo, ga wuyar juyawa. A ranar 24 ga Nuwamba 1904 ya gwada wata dabara: ya cire ƙafafun baya ya sa sarƙa mai ɗauke da katakai, motar tana shimfiɗa wa kanta hanya tana naɗewa. Nauyin ya bazu, ta wuce inda da take kafewa. Labarin da kamfanin ke bayarwa shi ne mai ɗaukar musu hoto, Charles Clements, ya kalli yadda sarƙar ke tashi tana sauka ya ce tafiyar tsutsa take yi, wato "caterpillar" a Turanci, Holt ya cafke sunan.

Sai dai Ingila ma tana da nata. Kamfanin Hornsby na garin Grantham ya yi rajistar irin wannan sarƙa a 1904, kuma a wurinsu sojojin da suka ga gwajinta ne suka laƙaba mata sunan tsutsar. Daga baya Hornsby ya sayar wa Holt haƙƙin fasaharsa a kan fam 4,000. Da farko na so in zaɓi ɗaya in jefar da ɗaya, don malami yana son amsa guda da zai rubuta a allo. Na hana kaina. Duk wanda ya taɓa ganin tsutsa a kan ganyen wake ya kuma ga wannan sarƙa zai iya faɗin haka ba tare da ya ji daga bakin wani ba. Abin da na riƙe shi ne, labarin da kamfani ke bayarwa a kan sunansa, a karɓe shi kamar yadda ake karɓar tarihin gida daga bakin maroƙin gidan. A 1925 kamfanin Holt ya haɗe da na abokin gasarsa C. L. Best suka zama Caterpillar Tractor Company. Ruwan toka suke shafa wa motocinsu, sai a 1931 suka koma rawayar da yaran ƙauyen Kawu suka sani.

Da na ga akwai sauran data, na ƙara tona ƙasa. Kalmar da Ingilishi ke kiran tsutsar da ita, daga tsohon Faransancin arewacin Faransa ta shigo, kuma ma'anarta kyanwa mai gashi. Wani ne shekaru ɗaruruwa da suka wuce ya dubi gizaka da gashinta ya ga mage. Faransawan yau kuma "chenille" suke ce mata, asalinta 'yar ƙaramar karya, kuma da wannan sunan suke kiran sarƙar ƙafar motar, shi makanikin da ya yi makaranta a Maraɗi ko Damagaram zai gani a littafinsa. Kamfanin da ya gaji da dogon suna ya gutsure shi ya bar haruffa uku a jikin motocinsa, CAT, wato kyanwa. Kalmar ta yi zagayen shekara fiye da ɗari biyar ta dawo inda ta tashi. Da na faɗa wa Kawu sai da na maimaita a kunnen dama. Ya riƙe baki ya ce, "Wato duk shekarun nan a bayan mage nake zaune?"

Na leƙa maƙwabtanta kaɗan kafin in rufe. Injin ɗaga kaya mai dogon wuya sunan tsuntsu yake ɗauke da shi a Turanci, "crane", ɗan uwan gaurakarmu. Hasumiyar ƙarfen da ake kafawa a kan rijiyar mai kuma, "derrick", sunan wani hauni ne na birnin Landan a wajen 1600, mai rataye mutane a Tyburn. Sunansa ya koma na gumagumin ratayewa, daga nan ya koma na duk abin da ke ɗaga nauyi da igiya. Na rufe wayar a nan, don na ga in na biye wa abin har a koma makaranta ban rubuta tsarin darasi ba.

Wani abu ya tsaya mini a rai. Mu da muka ɗauki katafila mun mai da ita kirari, "katafila sarkin aiki", ana yi wa gwamna ana yi wa ɗan ƙwallo. A Tanzaniya kuwa marigayi shugaban ƙasa John Magufuli da ake kira Buldoza tun yana ministan ayyuka, masoyansa hanyoyin da ya gina suke nufi, 'yan adawarsa kuma wani abu daban suke ji a cikin sunan, kuma ma'anarsu ta fi kusa da ta 1876. Wanda aka taɓa wayar gari aka rusa masa shago ma ba kirari yake ji ba idan ya ji ƙarar sarƙar nan a kan kwalta.

Makon farko na sabon zango na shiga ajin, yanzu sun zama 'yan aji shida. Na ce kowa ya fito da tsohon littafinsa ya nemo shafin bijimi mai gyangyaɗi ya ja masa layi biyu. Na ce ni na ƙirƙire shi a tsaye a gabansu, ba a littafin kowa na gani ba. Ajin ya yi tsit, don ba su saba jin irin wannan daga bakin malami ba. Na ba su labarin Luwiziyana da shekarunsa. Wani yaro daga baya ya ce, "Malam, ashe 'yan bangar siyasa ne kawai." Na ce su ne, sai dai a kan doki. Yarinyar layin gaba ba ta ce komai ba, rubutu kawai take yi, amma na ga gefen bakinta.

Littattafan da na samu na gyara ba su kai arba'in ba. Wasu sun ɓata, wasu an naɗe ƙosai da su, wasu yaran sun canza makaranta. Watanni bayan haka aka ba ni ajin wani malami da bai zo ba, 'yan aji ɗaya, ina ta neman abin da zan cika minti arba'in da shi. Ana aikin kwalbati a bayan katanga, ƙarar doza tana shigowa ta taga. Na tambaye su ko akwai wanda ya san sunanta da Turanci. Wani ɗan tsurut ya miƙe ya faɗa daidai, sannan ya ƙara da cewa ya ma san dalilin sunan: bijimi ne mai gyangyaɗi. Na tambaye shi wa ya faɗa masa.

"Yayana, Malam. Malaminsu na Turanci ne ya koya musu."